Salansa na cin madigadi: nazarin matsalar wani babur mai taya huɗu a fadamar Galma

Babur ɗin mai taya huɗu ne, irin wanda wasu manyan gonaki ke saye don zirga-zirga a cikin gona. Injinsa silinda ɗaya, cc 250, iska ce ke sanyaya shi, kuma da kafireta yake aiki. Na hannu aka sayo shi. Yana aiki a wata gonar noman rani a fadamar Galma, kusa da Zariya, inda ake tumatir da albasa da ɗanyar masara. Aikinsa biyu ne: ɗaukar tankin feshi mai lita 60 a kan kariyar baya, da jan ƙaramin amalanke na taki ko kwandunan tumatir zuwa bakin hanya.

A watan Maris direban ya fara jin warin roba duk lokacin da ya tsaya. Kafin Afrilu ya raba, madigadin baya na dama ya lotsa ya rataya a kan salansa, murfin gefe ya huje, kuma gwiwar direban ba ta iya jure zafin wajen. Mai gonar ya sa an manna takardar alminiyam a ƙarƙashin madigadin da gam, ta faɗi cikin 'yan kwanaki. Daga nan aka sayo ƙyallen naɗe salansa, aka naɗe bututun tun daga kan inji har rabinsa. Gwiwar direba ta sami sauƙi, amma madigadin ya ci gaba da narkewa fiye da da. A haka aka kawo babur ɗin gareji a Sabon Gari, mai gonar yana neman a sa masa sabon madigadi mai kauri kawai.

Da an yi masa abin da ya nema, da sabon ma ya narke kafin damina ta faɗi.

Abin da robar ta nuna

Kafin a kwance noti ko ɗaya, an tsaya an karanta ɓarnar da ke jikin robar, domin kowane irin zafi da irin tabon da yake bari. A wannan babur an sami iri uku a wuri uku.

A madigadi, daidai saman tulun salansa, robar ta yi laushi ta lotsa a faɗin da ya kai tafin hannu biyu, fuskarta ta ƙasa ta yi sheƙi, babu baƙi babu ƙuna. Wannan aikin hucin ƙarfe ne, zafin da ke tasowa daga ƙarfe mai zafi ya ratsa iska ya sauka a kan abin da ke fuskantarsa. A tsakiyar lotsawar kuma akwai wani kwari mai santsi da ya ɗauki siffar bayan salansar daidai. A nan robar ta riga ta sauko ta taɓa ƙarfen. Murfin gefe kuwa rami gare shi da bai wuce a zura yatsa biyu ba, bakinsa ya ƙone, kewayensa duk baƙin hayaƙi. Huci ba ya huda rami ƙarami irin wannan. Hayaƙi ne ke tsartuwa daga wata kafa yana bugun wuri ɗaya.

Da aka juya madigadin, an ga tambarin >PE< a cikinsa. Polietilin ke nan, dangin robar jarkar man gyaɗa. Masu ƙera irin waɗannan babura na son ta don tana lanƙwasa ba ta karye ba, amma ba ta da juriyar zafi: tana narkewa a wajen digiri 130, kuma tun daga digiri 70 zuwa 80 take fara sakin jiki idan akwai nauyi a kanta. Inda aka ga >PP<, polifurofilin ke nan, tana kai wajen 160 kafin ta narke. Idan tambarin ya goge, a yanko ɗan guntu a jefa a ruwa: PE da PP suna tasowa sama, ABS, wata roba mai tauri, tana nutsewa. Hayaƙin da ke fita daga kan injin fetur yana aiki da kaya yakan kai digiri 500 zuwa 700. Ratar da ke tsakanin waɗannan alƙaluma biyu ita ce duk matsalar, kuma ba abin da ke riƙe da ita sai ɗan sarari na iska da wani faifan ƙarfe siriri.

An kwance ƙyallen naɗin, aka ɗora tankin feshi cike, aka yi tafiyar minti 20 a giya ta ɗaya kamar yadda ake yi a tsakanin kunyoyi, sannan aka auna. Ma'aunin zafi na bindiga ake amfani da shi, amma na masana'antu wanda ke kai digiri 500 ko fiye. Irin wanda aka riƙa ɗora wa mutane a goshi lokacin korona ba ya wannan aiki. Kuma a kan ƙarfe mai tsatsa ko baƙi ake aunawa, domin a kan alminiyam mai sheƙi yakan nuna adadi ƙasa da gaskiya sosai. Bututun salansa, taƙi ɗaya daga kan inji, ya nuna wajen 480. Cikin madigadi ya nuna 118. Zafin garin a ranar 37 ne.

Me ya sa injin ke zafi haka

Digiri 480 a jikin bututu, a ƙaramar tafiya irin wannan, ya yi yawa. Da dare aka sake tada shi, aka ga wuyan bututun yana ɗan ja-ja a duhu. Fulogi da aka ciro, bakinsa fari fat kamar toka, maimakon ruwan ƙasa. Idan aka saki totur salansar tana harbi. Duka alamun inji ne da iska ta yi wa yawa, mai ya yi masa kaɗan.

Fetur yana ƙonewa tas idan an haɗa iska kashi 14.7 da mai kashi 1 a nauyi, kuma a daidai wannan wajen hayaƙi ya fi zafi. Shi ya sa masu ƙera ƙananan injuna masu sanyaya da iska suke saita kafireta ta ba da mai ɗan fiye da haka, wajen 12.5 zuwa 13, don rarar man ta rage zafin wuta. Duk abin da ya ƙara iska ko ya rage mai yana tura injin zuwa ƙololuwar zafin. Idan abin ya wuce nan, wutar takan yi jinkirin ci, har bawul ɗin hayaƙi ya buɗe tana ci, ta ƙarasa ƙonewa a cikin bututu.

Da aka buɗe akwatin iska, babu soson tace iska a ciki. Bayanin direban shi ne, a lokacin hunturu ƙurar hazo ta toshe soson, babur ya daina ja, da ya cire shi sai ya ga ya sake. Gaskiya ya faɗa, babur zai sake. Amma kafiretar an saita ta ne da soson a wurinsa, cire shi ya ƙara iskar da ke shiga ba tare da ƙarin mai ba, ga kuma ƙurar Disamba zuwa Fabrairu da ta riƙa shiga silinda kai tsaye. Wannan ɗabi'a ta cire soso tana kashe injuna da yawa a yankin nan, alhali wankinsa bai fi minti goma ba: a wanke da kananzir, a matse ba tare da murɗawa ba, a shanya ya bushe, a shafa masa mai kaɗan a matse rarar.

Na biyu, ƙaramin jet na kafireta, wanda ke ba da mai a ƙaramin totur, ya toshe rabi da dattin fetur. Gonar na sayen mai a jarka wurin 'yan bumburutu, babu kuma matatar mai a kan tiyo. Babur ɗin feshi kusan duk ranarsa a ƙaramin totur yake, don haka wannan jet ɗin ne ke ciyar da shi. An jiƙa shi a maganin wanke kafireta, aka busa da iska. Ba a zura masa allura ko waya ba, domin ramin tagulla ne, da zarar ya faɗaɗa saitin ya tafi.

An gwada robar da ta haɗa kafireta da kan inji, ta hanyar fesa ɗan maganin wanke kafireta a kewayenta injin yana aiki a tsaye bai yi zafi ba. Sautin bai canza ba, ke nan ba ta shan iska ta gefe. An auna sararin bawul, na hayaƙi ya matse, aka mayar da shi yadda littafin injin ya ce.

Sai ƙarshen salansa. A ciki akwai wata raga mai tare tartsatsi, wadda yawancin masu irin wannan babur ba su san da ita ba. A nan ta toshe da baƙin hayaƙi da busasshen laka har haske ba ya ratsa ta. Hayaƙin da ya rasa mafita yana daɗewa a cikin tulun, tulun ya ɗau zafi, kuma matsin ya nemi duk wata kafa. Littafin Honda na baburanta masu taya huɗu ya ce a share wannan raga duk bayan awa 100 na aiki. An kwance ta aka goge da burushin waya. Cire ta gaba ɗaya ya fi sauƙi, amma a gonar da ke da busasshen karan masara da harawa wannan ganganci ne.

Kafar da ta huda murfin gefe tana mahaɗar bututu da tulu. Gasket ɗin wajen ya ragargaje, kilif ɗin ya saki, ga layin baƙin hayaƙi ya nufi ramin kai tsaye. An sa sabon gasket da sabon kilif. An kuma canza zoben tagulla na bakin inji, tunda an riga an kwance, aka ɗaure notocin biyu kaɗan-kaɗan bi da bi don ya zauna daidai, aka sake ɗaure su bayan injin ya yi zafi ya huce.

Bayan wannan, ba a ƙara ko faifai ɗaya ba, aka maimaita tafiyar minti 20. Bututu ya sauko zuwa wajen 390. Digiri 90 kamar ba yawa, amma huci ba ya bin lissafi miƙaƙƙe. Yana hawa ne da zafin ƙarfe a ma'aunin Kelvin (wato digirin a ƙara masa 273) idan aka ninka adadin da kansa sau huɗu, don haka saukowa daga 480 zuwa 390 ta rage hucin da ke bugun roba da kusan kashi 40 cikin ɗari. Babu wata takardar manni a kasuwa da za ta ba da wannan a kyauta.

Sararin da ya ɓata

Ko da inji lafiyayye, salansa za ta narkar da robar da ta matso ta. A hagu, inda babu salansa, madigadi na zaune a inda kamfani ya sa shi. Da aka gwada da dama, sai aka ga abubuwa biyu sun haɗu sun cinye sararin.

Marikin tulun salansa ya taɓa karyewa, aka yi masa walda a karkace, tulun ya hau sama da wajen milimita 15. Daga sama kuma kariya ta lanƙwaso ta danne madigadin. Dalili a fili yake. Lita 60 na ruwa kilo 60 ne, ban da nauyin tanki da famfo. Baburan wannan aji ba a yi su don haka ba: Honda Recon, na ajin cc 250, kilo 30 aka ƙayyade wa kariyarsa ta baya. Sararin da ya kamata ya kai milimita 35 zuwa 40 ya koma 10, kuma faifan garkuwar da kamfani ya sa a kan tulun babu shi, sai kunnuwan notinsa biyu da suka yi tsatsa. Wataƙila ya fara ƙara ne wani ya cire ya jefar.

An yanke tsohuwar waldar, aka mayar da marikin mazauninsa da sabuwar robar bush. An kwance kariya aka miƙe ta, aka ƙara mata ƙafa biyu na bututun ƙarfe zuwa firam. Sarari ya dawo milimita 38.

Garkuwa

Garkuwar zafi tana aiki ne da abu biyu, fuska mai sheƙi da ke mayar da huci, da iska mai wucewa ta gaba da bayanta. Alminiyam mai tsabta yana mayar da fiye da kashi 90 cikin ɗari na hucin da ya same shi, baƙar roba kuwa shanye kusan dukansa take yi. Amma idan alminiyam ya manne da bututu, sheƙin bai da amfani, zafi zai bi ta jikinsa kai tsaye, don alminiyam na ɗaukar zafi fiye da baƙin ƙarfe nesa ba kusa ba. Inda masu haɗa garkuwa da kansu suka fi kuskure ke nan.

An yi amfani da faifan alminiyam mai kaurin milimita 1, ragowar yanka daga wurin masu aikin alminiyam. Kwanon rufi na alminiyam bai dace ba, kaurinsa wajen rabin milimita ne, girgizar inji za ta tsaga shi daga ramin noti. Kwano mai rufin zinki ma bai dace ba, rufin na lalacewa da zafi, kuma hayaƙinsa idan an yi masa walda yana sa zazzaɓi. An fara yanka siffar a kwali, aka gwada a jikin babur har ta zauna, sannan aka zana a faifan. An lanƙwasa shi a kan bututun ruwa mai faɗi ya zama rabin da'ira, ya rufe gefen da ke fuskantar roba kaɗai, ya zarce wurin ɓarnar da milimita 40 gaba da baya. Ƙasa da bakuna biyu a buɗe suke don iska ta wuce. An naɗe gefunan ciki da milimita 5, yana ƙara masa ƙarfi, yana kuma hana shi yankar hannu ko waya.

Tsakanin garkuwa da tulu an bar milimita 12. An sami wannan ta hanyar walda dogayen noti M6 a kan kilif biyu na ƙarfe mara tsatsa, aka ɗaura kilif ɗin a jikin tulu, garkuwar ta hau kan notocin. Ramukan da aka huda a faifan milimita 8 ne, ba 6 ba, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, idan aka matse shi zai kumbura ko ya tsage. An sa washa mai faɗi sama da ƙasa, da washa mai tsini don kada ya kwance. Noti mai zoben roba a ciki ba ya zama a nan, zoben narkewa yake. An yi ƙaramar garkuwa ta biyu a kan bututu, daidai gwiwar direba da murfin gefe, da tsari iri ɗaya.

Sai a ƙarshe aka koma kan abin da mai gonar ya fara da shi, wato shimfiɗa a cikin madigadi. Dalilin faɗuwar tasa shi ne polietilin ba ta karɓar gam, fuskarta kamar kakin zuma take, kuma gam ɗin kafinta yana sakin jiki da zafi. An sa ƙyallen zaren gilashi mai fuskar alminiyam, kaurin milimita 2, sheƙin yana kallon salansa. An wanke robar da garin sabulu, ta bushe, aka goge da samfefa mai lamba 120, aka share da sifirit. Ba a share da fetur, yana barin maiƙo. Mannin da ke bayan ƙyallen an ɗauke shi a matsayin mai riƙe shi na ɗan lokaci kawai. Ainihin riƙon ribit ne na milimita 4 da washa mai faɗi ta kowane gefe, a tazarar milimita 80 zuwa 100, sannan aka rufe gefuna da salatif ɗin alminiyam don laka kada ta shiga baya. Wannan shimfiɗa tana son sararin iska na aƙalla milimita 25 a gabanta, idan ba haka ba aikinta kaɗan ne.

Ƙyallen naɗe bututu ba a mayar da shi ba. Yana rage zafin wurin da aka naɗe, shi ya sa gwiwar direba ta ji daɗi, amma zafin bai ɓace ba, hayaƙin ne ya ɗauke shi ya kai tulun salansa da zafi fiye da da, daidai ƙarƙashin madigadin da ke narkewa. Ga shi kuma yana riƙe ruwa. Babur ɗin fadama kullum cikin ratsa magudanar ban-ruwa yake, kuma da aka kwance naɗin an tarar bututun ya fara ɓarewa da tsatsa a ƙarƙashi. A babur ɗin da ke aiki a busasshen wuri, mai bututun ƙarfe mara tsatsa, naɗi na iya yin amfani. A nan cutarsa ta fi. Igiyar asbesto da wasu ke naɗawa kuwa, kada a taɓa ta ko kusa, ƙurarta na jawo ciwon daji na huhu.

Gyaran robar

Ba a sayi sabon madigadi ba. Wurin da ya lotsa an hura masa bindigar iska mai zafi daga ciki, ana yawo da ita ba a tsayawa wuri ɗaya, har ya yi laushi, aka danna shi a kan katakon da aka sassaƙa da siffar na hagu, aka ɗora jiƙaƙƙen tsumma ya sandare. Ramin murfin gefe an yanke bakinsa da ya ƙone har aka kai ga roba mai kyau, domin ƙonanniyar roba ba ta haɗuwa. An yanko sirara daga jarka mai lamba 2 a cikin alamar kusurwa uku, aka narkar da su tare da bakin ramin a kan ragar waya mara tsatsa. Robar bokiti ko ta kujera, mai lamba 5, ba za ta kama PE ba ko da ta yi kamar ta kama, da ta huce za ta ɓare. An kuma janye tiyon mai da wayarin fitilar baya daga gefen salansa, aka ɗaure su a jikin firam ta ɗaya gefen.

A gwaji na ƙarshe, da nauyi iri ɗaya da minti 20 iri ɗaya, cikin madigadi ya tsaya a wajen 58. An sake aunawa minti biyar bayan an kashe inji, domin a lokacin ne iska ke tsayawa ƙarfe kuma yana nan da zafinsa: ya hau 64 sannan ya fara sauka. Ƙasa da 70 ake nema.

Tankin feshi ya koma kan amalanke, aka ja masa doguwar tiyo. An gaya wa direba kada ya bar injin yana aiki a tsaye lokacin haɗa magani ko lodin kwanduna, tunda injin da iska ke sanyaya shi ba ya samun iska sai yana tafiya, kuma ya riƙa tsayawa yana fuskantar iska idan da hali. Da damina laka za ta cika milimita 12 ɗin da ke bayan garkuwa, ta bushe, ta haɗa tulu da faifan, sheƙin ma ya dushe, don haka sai an riƙa wanke wajen bayan salansa ta huce. Da kaka kuma ɓawon masara da busasshiyar ciyawa ne ke maƙalewa a wannan sarari, kuma su suna iya kama wuta a kan bututun da ya haura digiri 300. Ana zaro su da lanƙwasasshiyar waya kowace safiya kafin a tada inji.